Magenmu da 'ya'yanta sun kwanta ciwo, surukata ta ce a zubar da su

Assalamu alaikum Malam. Ni matar aure ce a wani ƙauye tsakanin Gumel da Maigatari. Muna da mage da ta daɗe tana tsare mana rumbu, ta haifi 'ya'ya huɗu bayan girbi. Tun da sanyi ya shigo suka kama atishawa, idanunsu suka liƙe da kwantsa, uwar ma ta daina cin abinci, kullum tana kwance cikin tokar murhu. Maƙwabciyata ta ce in ba su farasitamol. Na ɓalli rabi na jiƙa na ɗura wa ɗaya, washegari fuskarsa ta kumbura, kafin la'asar ya mutu. Muzurun gidan kuma ya dawo da kumburi a kumatu. Surukata ta ce a kwashe su duka a kai daji, domin ina da juna biyu, wai mage tana ɓarar da ciki, ga shi kuma makero ya fito wa ɗana a ka. Maigida ya ce shi ba ya kashe kuɗi a kan mage. Ni kuwa tausayinsu ya hana ni sukuni. Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya sauke ki lafiya, Ya ba yaro sauƙi.

Abin da ba zai jira gobe ba shi ne farasitamol. Kada ki ƙara ba wa ko ɗaya daga cikinsu, ko da ɗan gutsure ne. Alamun da kika gani a ɗan da ya mutu nasa ne. Hantar mage ba ta iya sarrafa wannan magani yadda ta mutum take yi, sai ya tsaya a jikinta ya lalata jini har ya kasa ɗaukar iskar da take shaƙa. Daga nan dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska da dagi su kumbura, numfashi ya gagara. Ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 tana iya kashe babbar mage, balle ɗan da bai kai kilo guda ba. Taimako kika yi niyya, ita ma maƙwabciyarki haka, don haka kada ki ɗora wa kanki. Sai dai ki daure ki koma ki gaya mata abin da ya faru, tun kafin ta ba wata wannan shawara. Sauran magungunan ciwon jiki da ke kwandon kowace mace, irin su ibuprofen da diclofenac da asfirin, su ma ƙoda da ciki suke ci wa mage. A ƙauyukanmu magunan da maganin hannunmu ya kashe ba kaɗan ba ne, kuma akasari sai a ce ciwon ne ya yi tsanani.

Abin da ke damun uwar da 'ya'yanta mura ce irin ta maguna. Ƙwayoyin cuta iri biyu ne suka fi kawo ta, kuma babu ƙwayar da za ki saya a kemis ta kashe su. Jikin magen ne ke yaƙi da su, yawanci cikin mako ɗaya zuwa uku. Ba ta kama mutum, don haka ki kwantar da hankalinki ta wannan ɓangaren. Haɗarinta yana wani wuri ne da mutane ba su cika lura da shi ba. Magen ƙauye ita take ciyar da kanta. Ɓera ne, ƙadangare ne, fara ce, ɗan tsuntsu ne. Ragowar tuwon da ake zuba mata ƙari ne kawai. Ranar da hancinta ya toshe, farauta ta tsaya. Kuma mage da hanci take cin abinci: abin da ba ta ji ƙanshinsa ba, ko kin kai mata baki sai ta kau da kai. Ga ta da shayarwa, ga sanyin hunturu. Abin da ke ƙarasa ta yunwa ce da ƙishirwa da sanyi. Waɗannan ukun kuwa duk kina da maganinsu a cikin gida.

Ki fara raba ta da murhu. Ɗumi take nema a can, amma tokar tana shiga idon da ya riga ya yi rauni, wani lokacin ma akwai garwashi a ƙasa. Ki nemi kwali ki shimfiɗa tsofaffin tsummoki, ki ajiye shi a lungun da iska ba ta kaɗawa, nesa da inda yara suke kwana. Da daddare ki cika robar lemo da ruwan ɗumi, ki naɗe ta da tsumma ki sa a gefe ɗaya na kwalin, yadda wanda zafi ya ishe shi zai iya matsawa. Ɗan mage da jikinsa ya yi sanyi ba a ba shi abinci sai an ɗumama shi tukuna, domin cikinsa ba zai narkar ba.

Sai wankin ido da hanci, wanda shi ne aikin da zai fi cin lokacinki. Ki tafasa ruwa daidai na leda ɗaya, wato rabin lita, ki zuba ƙaramin cokalin shayi ɗaya na gishiri, a shafe ba a tsiri ba, ki bari ya huce ya zama ɗumi-ɗumi. Ki naɗe ɗan magen da zani, kansa kawai a waje. Ki tsoma auduga ki ɗora a kan idon ki riƙe na ɗan lokaci, kada ki goga kuma kada ki ɓamɓare. Za ki ga kwantsar ta yi laushi ta fara sakin gashin ido, sai ki share daga gefen hanci zuwa waje. Wani lokacin da fatar idon ta rabu sai mugunya ta ɓullo, fara ko ruwan ɗorawa. Kada ki tsorata, fitarta ake so, domin idan ta zauna a rufe tana iya cinye idon. Kowane ido da audugarsa, kowane ɗa da tasa. Hancin ma haka, ki jiƙa busasshiyar majinar har ta saki. Sau uku ko huɗu a rana, kuma ki riƙa yi daf da lokacin ba su abinci, yadda hancin zai kasance a buɗe. In toshewar ta yi yawa, ki kife su da kwando ki ajiye kwanon ruwan zafi a gefensa daga waje, ki lulluɓa zani na minti goma su shaƙi tururin. Ruwa zalla. Kada a sa Robb ko wani man zafi, yana cutar da su.

Akwai man ido na tetracycline da likitocin dabbobi kan bayar in kwantsar ta koma mugunya, kuma ba shi da tsada. Wanda za ki guje wa shi ne maganin ɗigawa mai dexamethasone ko betamethasone a ciki. Wannan mura takan yi wa ƙwayar ido gyambo, irin wannan magani kuwa zurfafa gyambon yake yi har ido ya fashe. In an miƙo miki kwalba a kemis, ki sa a karanta miki abin da ke rubuce a jikinta.

Abinci kuma mai ƙarfin ƙanshi za ki nema, ki ba su da ɗuminsa. Busasshen kifi da aka jiƙa aka cire ƙaya aka murmushe, dafaffen ƙwai, 'yar hanta ko kayan cikin kaza, romo marar yaji. Albasa da tafarnuwa suna fasa wa mage jini, saboda haka ki ɗebi nasu kafin ki haɗa miya. Idan uwar ta ƙi ci, ki shafa mata kaɗan a dagi ko a leɓe. Tsabtarta ba za ta bar ta ta ƙyale ba, sai ta lashe, daga nan sau da yawa sha'awar cin takan dawo. Ruwa ya kasance kusa da ita kullum. In ba ta sha, ki ɗiga mata da sirinji marar allura ta gefen baki, kaɗan-kaɗan, tana zaune a kan ƙafafunta. Kada a kwantar da ita rigingine a ɗura, ruwan zai tafi huhu. Nonon shanu da ake ganin gata ne, yawancin maguna gudawa yake sa su. Akwai gwajin da za ki riƙa yi kowace safiya: ki kama fatar ƙeyarta ki ɗaga ki saki. In ta koma nan take, da sauran ruwa a jikinta. In ta tsaya a tsaye tana komawa a hankali, jikin ya bushe, kuma aikin ya wuce na gida. Haka nan idan babbar ta kwana biyu ba ta sa komai a ciki ba, ko ƙaramin ya wuni ya kwana, ko kika ga ana numfashi da baki a buɗe, ko amai da gudawa sun haɗu wa 'ya'yan. Wannan na ƙarshen wata cuta ce daban mai saurin kisa, ba a yi mata jinkiri.

Muzurun naki faɗa ya yi. Haƙorin ɗan'uwansa ya huda fata, ramin ya rufe da ƙwayoyin cuta a ciki, bayan kwana biyu zuwa huɗu ya tara mugunya. In yana yarda a taɓa shi, a riƙa gasa wurin da tsumma mai ɗumi. Idan ya fashe za ki ji wari mai tsanani. A wanke da ruwan gishirin nan safe da yamma, a bar bakin a buɗe ya riƙa tsiyaya, a kuma kiyaye ƙuda kada su yi ƙwai a ciki. Kada a sa Dettol ko Izal. Mage duk abin da ya taɓa jikinta sai ta lashe, su kuwa guba ne a cikinta. Mafi yawan irin wannan maruru yana buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta daga hannun malamin dabbobi. Ki lura kuma da fitsarinsa: muzurun da ke ta tsugunawa yana kuka ba abin da ke fita, mafitsararsa ta toshe, kwana ɗaya ko biyu ya ishe shi mutuwa. In da hali a yi masa fiɗiya a asibitin dabbobi, yawon dare da faɗa za su ragu sosai.

Amma wannan aikin na muzuru ba naki ba ne, ki bar wa maigida ko wani babban yaro, da hannu a naɗe. Dalilina ciwon haukan kare ne. Mage tana ɗaukarsa idan mahaukacin kare ya cije ta, kuma magen da ke kwana a waje ba wanda ya san da wa ta haɗu. Idan kuka ga mage ta sauya hali farat ɗaya, tana dalalar miyau, ta kasa haɗiya, tana kai wa mutane cizo ba tsokana, ko ƙafafunta na baya sun saki, kada kowa ya kai hannu. A kife ta da babban kwando a danne, ko a rufe ta a ɗaki, a kira malamin dabbobi. Wanda ta ciza ko ta yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15 cur, sannan ya tafi asibiti a ranar domin allura. Kada a tsaya shafa toka ko jiran a ga abin da hali zai yi, domin ciwon in ya bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi. Ki koya wa yara su riƙa faɗa in an cije su; da yawa ɓoyewa suke yi don tsoron duka. Akwai rigakafin da ake yi wa mage daga wata uku, a riƙa sabuntawa duk shekara. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana cikin masu haɗa wannan allura, kuma ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara an ware ta don yaƙi da ciwon a duniya. A tabbatar an gaya wa mai allurar cewa ta mage ake so, saboda akwai irin ta karnuka da ba a yi wa mage.

Maganar surukarki kuwa, kada ki yi watsi da ita, akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Akwai wata cuta da ake kira tokzofilasma, wadda ƙwayarta ke fita ta kashin mage, kuma idan mace ta kamu da ita karon farko tana da ciki, tana iya taɓa ɗan tayi har ta kai ga ɓari. Sai dai hanyarta ta baki ce. Shafa mage ko zamanta a tsakar gida ba sa kawo ta. Ƙwayar ma ba ta iya kama mutum sai kashin ya kwana ɗaya zuwa biyar a ƙasa. Kuma mutane da yawa ta naman da bai dahu ba suke ɗaukarta, ko ganyen da ba a wanke da kyau ba. Saboda haka ki bar wa wani sharar inda suke kashi, a kwashe kullum a binne. Ki wanke hannu da sabulu bayan kin taɓa su, bayan aikin ƙasa, bayan yankan ɗanyen nama. Tsire ko balangun da cikinsa yake ja ki haƙura da shi sai kin haihu, latas da kabeji kuma a wanke su sosai. Tulin yashin da yara ke wasa a kai a rufe shi, domin nan mage ta fi son tonawa. Ki ci gaba da zuwa awo, ki kuma faɗa wa ma'aikaciyar cewa akwai maguna a gida. In an kiyaye wannan, zubar da su ba zai ƙara miki komai ba. Hasali ma gidan da aka kori magensa ɓeraye ne ke gadonsa, su kuma suna fitsari da kashi a cikin hatsin da za ki ci.

Makeron yaro mai yiwuwa daga 'ya'yan magen ne, mai yiwuwa kuma daga askar wanzami ko hular wani yaro. Ki duba kunnuwansu da fuskokinsu ko akwai inda gashi ya zube ya bar da'ira mai garin fata. Ko ma daga ina ne, ki kai shi asibiti, domin makeron ka man shafawa kaɗai ba ya kashe shi, sai an haɗa da na sha na makonni. Ki hana shi ɗaukar su har kowa ya warke.

Idan sun miƙe akwai tsutsar ciki da ƙuma, waɗanda kusan babu magen waje da ta tsira daga gare su. 'Ya'yan kan sha tsutsar tun a nonon uwa, shi ya sa za ki gan su da tulun ciki da ƙashin baya a waje. Ta babbar kuma za ki ga wasu farare kamar ƙwayar shinkafa manne a gashin gindin wutsiya. Daga ƙuma da ɓeraye take samun wannan. Magen da ke farauta ana ba ta maganin tsutsa duk wata uku. A nan ne nake jin tsoron hannun maza, domin in an ce tsutsa sai a ɗauko ƙwayar shanu a gutsura. An auna ta ne don dabba mai ɗaruruwan kilo, mage kuwa kilo uku ce ko huɗu, kuma albendazole da aka fi samu a kasuwa yana iya taɓa mata ɓargo. Akwai pyrantel da fenbendazole da praziquantel da suka dace da ita, malamin dabbobi ne zai auna. Ƙuma kuwa kada a kusance su da ota-fiya-fiya, ko maganin feshin kaska na shanu, ko kananzir, ko baƙin mai. Karkarwa da dalala da farfaɗiya ke biyo baya. In an riga an shafa, a yi maza a wanke da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke. Ga ƙanana, matsefi mai ƙananan haƙora da kwanon ruwan sabulu a gefe don nutsar da abin da aka tsefo ya wadatar, tsummokin kwanciyarsu kuma a wanke a shanya a rana mai zafi. Sannan muddin akwai mage a gida a daina zuba maganin ɓera, domin ɓeran da ya ci guba ya fara layi shi ta fi saurin kamawa. Kazar da ta mutu da ciwo ma a binne ta, kada a jefa musu. Murar tsuntsaye da ta shigo Najeriya a 2006 ta ratsa Kano tana kama magen da ta ci mushen.

Saura yadda za ki ɓullo wa mutanen gida. Surukarki kada ki yi musu da su, tsoron da suke ji saboda ke da jikansu ne. Ki nuna musu kin ɗauki maganarsu: kin matsar da kwalin daga ɗakinki, kin daina kwasar kashin, kin kai yaro asibiti. Sauran bayanin ki bar ɗansu ya yi musu, zai fi shiga. Shi kuwa maigida da lissafin rumbu za ki zo masa. Ya san tiya nawa ɓera ke iya ci da ɓatawa daga kaka zuwa bazara, ya san kuɗin buhun gero yanzu. Ki kuma tuna masa cikin ladabi da hadisin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi na kanta ba. 'Ya'yan mage marasa lafiya da aka ajiye a daji cikin wannan sanyi ba abin da za su iya nema wa kansu.

Abin da za ki roƙe shi kaɗan ne. Ranar Alhamis in zai shiga kasuwar Maigatari, ba a rasa ma'aikatan lafiyar dabbobi a wajen kara. Akwai su kuma a sashen gona na sakatariyar ƙaramar hukuma. Ɗaukar mage a babur wahala ce gare ta da mai ɗaukar, don haka ya tafi da hoton idanun 'ya'yan da na kumatun muzurun a waya. Kafin nan a sa kowace mage a buhu a rataya a ma'aunin mai shago a rubuta nauyinta, saboda da shi za a auna maganin. Ya tambayi man ido, da maganin marurun, da na tsutsa, ya kuma tambayi ranar da malamin zai iya biyowa ta ƙauyenku da allurar haukan kare bayan sun warke, domin ba a yi wa dabba rigakafi tana kwance.